Sulen Venise na Mushe Isufu

Ina buro, wato ofis, bayan sallar azahar Hadiza, ɗiyar abokina, ta kira ni, ta ce, “Baba, abokinka ya cika.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mushe Isufu, wato Malam Isufu, wanda muka koyar tare a lakwal a Ƙonni kafin in koma aikin jarida, ya rasu a ɗakinsa bayan gajeriyar jinya.

Mutanen gari sun san shi da tara tsofaffin sulallan Italiya, na zamanin da kowane birni a can yake buga kuɗinsa. Yawancinsu tsofaffin ɗalibansa da suka tafi ci-rani ne suka aiko masa. Kowane sule da takardarsa: birnin da ya fito, nauyinsa, da rubutun da ke jikinsa. Ba ya yarda a goge su da toka. Yakan ce, “Tsatsar nan ita ce shaidar shekarunsa.”

Wanda ya fi so shi ne wani na zinariya mai huji, da ya samu wurin wani maƙerin fari a kasuwar Badaguishiri ana shirin narka shi. Shekara da shekaru yana kai shi aji yana cewa daga birnin Venise na Italiya ya ƙetaro hamada. Har suna ya yi da shi.

Da aka aiko masa da sabon littafin tantancewa, sai ya koma wurin maƙerin suka auna. Nauyin bai kai ba, haruffan kuma a hargitse suke. Kwaikwayo ne da aka ƙera don adon mata.

Na ce masa, “Mushe, yi shiru mana. Wa zai sani?”

Ya yi dariya ya ce, “Kai ɗan jarida ne ko dillali? Yara nawa na faɗa ma ƙarya?”

Ya riga ya yi ritaya, amma ya roƙi darakta ya bar shi ya shiga aji aji, ya ce ya yi kuskure, ya nuna musu yadda ya gano. Bai taɓa jin daɗin darasi kamar na ranar ba, in ji shi.

Allah ya jiƙan Mushe Isufu, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hadiza da mahaifiyarta da ƙannenta haƙuri. Mu kuma ya ba mu ikon gyara kurakuranmu tun muna da baki.