Tumakin da Suka Shanye wa Baba Man Zaitun

Shekarun baya, lokacin da nake aikin kula da wani dattijo Bafalasɗine a garin Woodbridge, can ƙasar waje, kowa a gidan ya yanke cewa tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. 'Yarsa ta yarda, mijinta ya yarda, ni ma mai ganin na fi kowa wayo na yarda. Dukanmu ba mu canka daidai ba. Garau yake, mu ne ba ma tambaya.

Baba nake ce masa. Duk shekara ƙaninsa yakan aiko masa da garwar man zaitun daga gonarsu ta gado, can Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. Da shi yake dangwala burodi kowace safiya. A shekarar nan man bai zo ba. 'Yarsa ta kira ɗan baffanta, ya ce mata bishiyoyin ne ba su yi 'ya'ya ba. Ta sayo na kanti, Baba ya shinshina ya ture.

"Tumaki sun shanye mini mai," in ji shi.

Washegari ma haka. Ni kuwa akwai takardar da nake cikewa kullum game da lafiyarsa, sai na riƙa rubutawa: yau ma ya yi maganar tumaki. Har layi nake ja a ƙasa, wai ni ƙwararriya. Da 'yar ta ga abin ya yi yawa sai ta sa ranar ganin likita, ta fara neman gidan kula da tsofaffi. Ta ce takarduna za ta kai a matsayin shaida. Baba kuwa ya sha faɗa mini gara ya mutu a kujerarsa da a kai shi can.

Ranar Lahadi ina gida a Lanham, ina ba mahaifiyata labari ina dariya. Ita a ƙauye ta tashi, tsakanin manoma da makiyaya. Ko murmushi ba ta yi ba.

"Ke dai akwai gaggawa," ta ce. "Tumaki ba sa shan mai, amma suna cin gona. Kin tambaye shi tumakin wa?"

"Umma, mutumin fa ya rikice."

"Ke kika rikice. Je ki tambaya."

Litinin da safe, ko jaka ban ajiye ba na ce, "Baba, wai tumakin nan na wane ne?"

Ya ce, "Wata guda ina faɗa, sai yau aka samu mai tambaya. Zauna, 'yata."

Ya kife faranti a kan tebur, ya ce wannan tudu ne. Ya jera 'ya'yan zaitun a gefe, bishiyoyinsu ke nan. Ya ɗora kwalin ashana a saman farantin: wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna ne da matarsa, suka zo suka ajiye kwantena ɗaya da tankin ruwa. Sannan ya watsa ƙwayoyin sukari, su ne tumakin mutumin.

Na ce, "To ai kiwo ne. A wajenmu ma dabbobi na shiga gona, a yi rigima, mai gari ya sasanta, makiyayi ya yi gaba."

"Naku yana wucewa. Wannan ba ya wucewa."

Ya riƙa tura sukarin da yatsa, kaɗan-kaɗan, har ya kewaye zaitun ɗin. Ya ce duk inda tumakin suka yi kiwo yau, gobe nan ce iyakar mai su. Ba katanga, ba gini, sai karnuka da bindiga a kafaɗa. Da ƙaninsa ya je tsinkar zaitun aka kore shi. Mai tumakin na cewa ƙasar ta kakanninsa ce tun fil azal, Baba kuma na da takardar mallakar gonar, tun ta kakansa, a cikin akwati.

Ni abin ɗaure mini kai ya yi. Na san ana ƙwace fili da soja, na san ana yi da katafila. Da tunkiya kuma? Na yi ta jero tambayoyi har shayinsa ya huce. Tumaki nawa? Wa ke ba su ruwa? Ina ya ji duk wannan? Ashe kullum in na shiga wanke-wanke, ƙaninsa yake kira.

Da yamma 'yar ta shigo a gajiye, ta sha cunkoson hanya. Ban bari ta zauna ba.

"Anti, babanki lafiyarsa ƙalau. Takarduna shirme ne. Kira ɗan baffanki ki ce masa tumaki."

Ta harare ni, amma ta kira. Ina jin muryar ɗan baffan nata ta yi ƙasa. Wai sun ɓoye mata ne don kada ta faɗa wa tsoho hankalinsa ya tashi. Tsohon da ya riga kowa sani! Ta durƙusa gaban kujerarsa tana kuka, shi kuwa cewa ya yi a mayar masa da sukarinsa cikin gwangwani, kada a yi asara.

An je wurin likita, an dawo, ba a sake ta da maganar gidan tsofaffi ba. Man dai bai zo ba har na bar aikin.

Har yau ina da gaggawa, ban canza ba. Amma in na tuna saura ƙiris rubutuna ya fitar da mutum daga gidansa, shi da ake fitar da danginsa daga gonarsu, sai in tsaya in yi tambaya tukuna. Tambaya ɗaya ce ta gagare ni wata guda.

Tun a makon da abin ya faru na sayo littafi mai bango mai kauri, na ajiye kusa da farantinsa. Na ce, "Baba, daga gobe kafin shayi za ka riƙa zana mini gonar nan, bishiya bayan bishiya, da wanda ya dasa kowacce. Ni zan rubuta, jikokinka su karanta."