Ƙuri'ar da Na Je Roƙo

Fis, fis. Haka abin feshin asma yake yi in ya ƙare, iska kawai babu magani. Ina yanka kuɓewa a kicin na jiyo shi daga falo. Na leƙa, sai ga 'yata, lokacin tana aji biyu, ta dafe kujera tana jan numfashi da ƙyar.

Ba mu daɗe da komawa McLeansville ba, wani ƙauye a nan Amurka, don maigida yana son fili ya shuka yakuwa. Ranar yana wurin aiki da motar. Na kira motar asibiti, na rungume yarinya a bakin ƙofa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina kallon hanyar da babu komai sai gonaki. Sun zo, Allah ya saka musu da alheri, amma sai da leɓenta ya canja launi.

Da zaɓe ya matso, maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya, ta ce min akwai tambaya a takardar ƙuri'a: hukuma ta ciyo bashi ta buɗe tashar motocin asibiti a gefenmu, ko a'a. Ni da maigida katin zama kawai muke da shi, ba ma zaɓe. Sai na tuna Hajiya mai shagon kayan miya a High Point Road. Ta daɗe da samun fasfon ƙasar, kuma matanmu masu ƙuri'a inda ta sa ƙafa nan suke sawa.

Na same ta tana ɗaura daddawa a leda.

"Hajiya, alfarma na zo nema."

"In dai ba bashi ba ne, faɗi."

"Bashin ne, amma ba ke za ki ci ba."

Ta yi dariya har na gama bayani, sannan dariyar ta ɗauke. Ashe ita da matan sun riga sun kai wa malamin Islamiyyarmu tambayar. Bashin da ruwa za a biya shi.

"Ke da kike gyara mana karatu a Islamiyya, ke za ki ce in sa hannuna a riba? Bana fa na dawo daga Makka."

"Hajiya, rai ne."

"Na sani, 'yar nan. Mai ran ma ya sani. Ba za mu ce a'a ba, za mu bar wurin ba komai."

Na san ayar ribar, ni kaina na sha karantar da ita. Hajiya ta cusa min ƙullin kuka a jaka, ta ce a gaida mai jiki. Na yi ta istihara har ranar zaɓe, zuciyata ba ta kwanta ko ta wane ɓangare ba.

Masu a'a suka yi rinjaye, babu tasha. Maƙwabciyar tawa ma a'a ta zaɓa, ta faɗa min da bakinta tana miƙo min kabewa ta kan shinge, wai bashin a kan harajin gida zai ƙare, kuma harajin ya ishe ta.

Da yamma ina yi wa yarinyar kitso, ashe duk ta ji. Ta juyo, da Hausarta mai karkacewa ta ce, "Mama, kar ki damu. In ya sake zuwa zan faɗa miki da wuri, tun ina iya magana."