Ɗigon Jan Farcen Narayi

Zariya

Ƙarfe biyar da rabi na asubar Alhamis na bar gida, da ƙaramar sifikata a jaka da kuɗin tsohon fiyanona da na sayar. Hajiya Ladidi ce ta fitar da ni, mawaƙiyar da situdiyona ya dogara da ita. Ta ce kiɗana ya zama irin na kowa, in Asabar ta yi ba ta ji sabon sauti ba, Kano za ta koma. Na ga tallan sintisaiza biyu, wato na'urar haɗa sautin kiɗa, a intanet, duk a Kaduna, irin wanda ke kiɗa haka nan, amma in ka jona ƙananan wayoyi daga rami zuwa rami sai muryarsa ta sauya. Ni kuwa ban taɓa yarda da hoto ba.

A Kwangila na hau mota, dubu uku. A wani shinge jami'i ya latsa jakata.

"Biki za ka da sifika?"

"Gwaji zan je, Yallaɓai."

Bakwai da minti ashirin muna tashar Kawo a Kaduna, kilomita wajen tamanin.

Kakuri

Na sha koko da ƙosai, na shiga bas muka haye gada. Ƙarfe tara ina shagon mai talla na farko, Oga Chinedu mai gyaran amfilifaya. Nasa baƙi ne, babba, ramuka birjik, dubu ɗari uku da tamanin. Ya jona shi da wata sifika mai tsayin firij, kwanon shagon ya hau rawa.

"Malam, ka ji wannan? Orijinal ne, no wahala."

Na ce a jona a tawa, don masu jin Hajiya a waya suke jin ta. Fuskarsa ta canja. A tawa, gurnanin nan duk ya gudu, saura wani siririn kuka kamar na sauro. Na kifa shi, sai ga jan fenti a kan kusoshi, alamar da masu gyara ke sa wa abin da suka buɗe.

"Ƙura kawai na share," in ji shi.

Gaskiya yana da araha, kuma zai yi wa mai kiɗan fim amfani. Ban saya ba.

Narayi

Minti ashirin a keke na isa gidan Bulus, mai kiɗa a coci. Matarsa Rifkatu ta kawo kunun zaƙi mai sanyi. Na ce a raina da wannan ake sanyaya mai saye, amma na shanye.

Nasa ƙarami ne, ramukansa kaɗan, kuma ya fi wancan da dubu saba'in. Wayoyi uku ne jone a jikinsa. Ya taɓa, sauti ya fito yana lanƙwasa kamar kalangu a hammata, kuma a ƙaramar sifikata bai rage komai ba. Sautin ya burge ni, amma na murtuke fuska.

"In yana da kyau, me ya sa za ka sayar?"

"Tsofaffin coci sun ce yana firgita su."

Sai idona ya faɗa kan ɗigon ja a gefen kowane abin murɗawa, har da bakin wasu ramuka.

"Wa ya buɗe shi?"

"Ba wanda ya buɗe, ɗan'uwa. Jan farcen Madam ne, na sa ne don..."

"Kowa haka yake cewa," na katse shi. Na zare wayoyin, na murɗa komai dama da hagu ina sauraron ko zan ji ƙarar lalacewa. Lafiya lau.

Bulus ya yi tagumi. "Wata guda na yi kafin na samo sautin nan."

Na ɗauke shi zancen mai sayarwa. Na biya, na rungumi kwali.

Komawa gida

A mota zargi bai bar ni ba. Na fito da makulli na kankare ɗigo uku, in ga tsagar da aka ɓoye. Babu komai sai ƙarfe sumul.

Da la'asar na kunna shi a situdiyo, ya yi min kukan tsohuwar ƙofa. A nan na tuna irin wannan na'ura ba ta ajiye sauti. Abin da na sayar da fiyanona dominsa, da hannuna na wargaza shi. Ina zaune ina harararsa na lura kowane ɗigo da inda yake kallo. Na juya kowane abin murɗawa ya dubi ɗigonsa, na mayar da wayoyi ramukan da ke da ja. Kalangun ya dawo, amma yana ɗingishi, saboda ukun nan da na kankare.

Da kunya na kira Bulus. Sai da ya gama dariya ya ce, "Ɗauke su kamar agogo. Na farko ƙarfe goma, na biyu ƙarfe biyu, na uku sha biyu daidai."

Ranar Asabar Hajiya ta saurara, sannan ta ajiye jakarta ta ce, "Sake sa min."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bulus da bai riƙe ni a rai ba, da Madam Rifkatu mai kunu. Na sayo jan farce na mayar da ɗigon nan uku. Matata ta tsinci kwalbar a aljihuna, kuma har yau ba ta yarda da bayanina ba.