Jirgin Baba da Rokar da Ke Dawowa

Zagga zuwa Bagudo

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Asabar na hau kabu-kabu daga Zagga, raina a ɓace. Yayana Sani ya aiko cewa zai farfasa jirgin ruwan da Baba ya bar mana a Lolo, ya yi ƙyauren shago da katakon. Ni malamar kimiyya ce, makami ɗaya na riƙo a wayata: bidiyon wata ƙatuwar roka da ta kai kaya sararin samaniya, ta dawo ta sauka a tsaye. In masu zuwa sama sun daina yar da jirginsu, mu ina dalili?

Bagudo zuwa Lolo

Bakwai saura muka bar tasha, mu bakwai a motar mutum biyar. Bayan gadar Tuga muka tarar da layi a shingen kwastam, sai na gwada hujjata a kan direba, wani dattijo mai goro a kunci.

"Hajiya, ai dawowa ba ita ar riba ba," in ji shi. "Ko wagga akwala tawa tana dawowa. In ta dawo, kwana nawa taka yi wurin makanike? Kuma akwai lodi na jiranta?"

Nan ɗin dai masanan roka ma suke ta jayayya: in gyara ya kai kuɗin sabuwa, ko ba kayan da za ta riƙa tashi da su akai-akai, an yi ba a yi ba. Shekara goma ina koyarwa, direba ya kayar da ni kafin a ɗaga shinge. Na ji haushi ƙwarai.

Lolo

Sha ɗaya da rabi muka isa. Matar Yaya ta cika ni da tuwon shinkafa da miyar kifi, sannan muka gangara bakin ruwa, ga ƙasar Benin can ana hangowa. Jirgin na kan tudu a karkace. Da na ga mazaunin Baba ya yi sumul don zama, sai hawaye.

Na bar wayar a jaka, na ari tambayoyin direba.

"Yaya, katako nawa ya ruɓe?"

"Ukku. Aikin kwana biyu na. Amma wa za ni ɗauka? Kowa ya koma mota."

Iya Bose, Bayarabiyar da ke sayen bandar kifi a gefenmu, ta ɗago kai. "Ni! Kowane mako ramukan hanya na mayar mini da kifi gari. Ka kai ni Tuga ta ruwa, Sani."

Yaya ya daɗe yana sosa ƙeya. Da la'asar na ji ƙarar guduma, ya fara gyara.

Komawa

Talata ƙarfe shida muka tashi da injin aro, ni da Yaya da Iya Bose da kwandunanta. Sau biyu na kwashe ruwa da ƙwarya, ban yi ƙorafi ba. A hanya ne na nuna wa Yaya bidiyon.

Sha ɗaya muka tsaya a Tuga, kifi ko ɗaya bai karye ba. Kafin in gyara mayafi wani mai siminti ya fara yi wa jirgin lodin komawa. Yaya ya zauna a mazaunin Baba, ya ƙwala mini kira:

"Malama! Ki hwaɗa ma masu roka, su wayam suka dawowa, mu da kaya!"

Da la'asar na shiga gida a Zagga lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Iya Bose, da direban nan da ko sunansa ban tambaya ba.