Sifikar Hagu

Na fi shekara ashirin ina aikin injin casar shinkafa a Kura, kuma ban taɓa toshe kunnena da ko auduga ba. A zamaninmu wanda ya yi haka dariya ake yi masa, a ce ya cika son jiki.

Bayan na bar aikin ne Kawu, ƙanin mahaifiyata da ya daɗe a Makka, ya dawo gida. A cikin kayansa akwai wani kaset. Da can wanda bai iya rubutu ba sai ya zauna gaban rikoda ya yi maganarsa, a ba alhazai su kai. Inna ta yi wa Kawu irin wannan saƙo kafin ta rasu. Ban da kaset ɗin nan, babu inda muryarta ta rage a duniya.

Na sa shi a tsohuwar rikodata, sai gunaguni nake ji kamar ana magana a cikin tulu. Na ɗora wa rikoda laifi, na shiga Kano neman sifika. Masu shaguna suka yi ta tura mini manya, na ce da su ni ba gidan biki zan buɗe ba. Wani mai shago dattijo ne kaɗai ya tambaye ni girman ɗakin da zan sa su. Da na ce taku huɗu ne da uku, sai ya fito da ƙanana guda biyu, irin na ɗorawa a kanta, da injin da ke ba su ƙarfi.

"Malam, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune," in ji shi. "Kada su manne da bango. Kai da su ku zama kamar duwatsun murhu, kowa nisansa ɗaya da ɗan'uwansa."

Ɗakin da na ware na ajiyar shinkafa ne. Don gaggawa na ɗora su a kan buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, buhunan suka shanye sautin. Na kira kafinta ya kafa kanta biyu, na rataya tabarma a bango, na auna mazaunin kujera da igiya. Sannan na jira Juma'a da rana, lokacin da injinan casa da na ban ruwa suke yin shiru.

Na kunna kaset. Sifikar dama ta yi magana. Ta hagu ko tari.

Raina ya ɓaci. Na koma Kano da ta hagun, na zazzage wa bawan Allah nan faɗa a gaban mutane. Ya jona ta, ya ce lafiyarta ƙalau, amma don a zauna lafiya ya canza mini wata. Ita ma da na kawo ta gida, shiru. Na sauya waya, na mayar da ta dama hagu, ta hagu dama. Duk wadda ta zauna a hagu sai ta mutu.

Mai ɗakina tana tsaye bakin ƙofa, ta daɗe tana kallona. "Malam," ta ce, "juya kujerar ka ba su baya mana."

Na juya. Wadda nake zagi tun makon jiya ita ce ta hau magana, ɗayar ta yi tsit. Washegari na nufi asibiti.

A asibiti likita ya ce kunnen hagu ya tafi, ba ya dawowa, na dama kuma yana bin sawunsa. Abin da ya rage mini yana kawo amon muryar Inna, ba ya kawo kalmominta. Na san ita ce, na san inda take dariya, shi ke nan. Wannan abu yana ci mini rai, ba na ɓoyewa.

Ranar nan na roƙi mai ɗakina ta zauna a damata ta riƙa maimaita mini da ƙarfi. Gaisuwa ce, da labarin albasa da ta yi kyau, da waɗanda suka haihu. Can sai mai ɗakina ta yi shiru, alhali kaset yana ta juyawa.

"Me ta ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Roƙon Kawu take yi ya aiko a yi maka faɗa ka bar aikin injin nan. Wai tun yanzu sai ta kira ka sau uku kafin ka amsa."

Na ce ta mayar da kaset ɗin baya. Na matso da kunnen dama har ya taɓa sifikar, ban ji ba.