Har Noti Ya Zauna

Na tsani babur ɗin nan tun ranar da ya shigo gidanmu a Ƙanƙara. Dogo ne, mai manyan tayoyi, irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji, ga ƙara ga hayaki. Amma maigidana malamin gona ne, kuma da shi yake ratsa yashi da taɓo zuwa Mabai, wani lokacin har Sheme da Damari. Duk ranar hutu zai baje sifanu a tsakar gida ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, wai girgizar hanya tana kwance su. Ni kuwa in yi ta mita.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hannun dama ya saki, harshe ya yi nauyi. A asibiti aka ce in ya dage da motsa hannun zai samu sauƙi, amma da muka dawo gida ya juya fuska bango. Magana sai "to" da "a'a". Abinci sai na yi da gaske. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya zama sai kwanciya, kuma na ji tsoro ƙwarai, don na ga ya fid da rai da kansa.

Kafin ya kwanta ya riga ya kwance kan injin zai kankare baƙin da ya taru a ciki. Haka babur ya zauna a buɗe, an rufa masa buhu, notunansa a cikin kwanon shana. Da ƙanensa ya tambaya ko a kai wa bakanike, sai ya ce, "Ku ba wani. Ni na gama da shi."

Wannan maganar ta ƙona mini rai. Washegari da hantsi na fito da maigidan inuwa, na jingina shi da bango, na je na yaye buhun. Gaskiya kwanona kawai na yi niyyar ɗauka. Da na ga babu inda zan zuba notunan, sai na ɗora kan injin a mazauninsa, na zura noti ɗaya, na ɗauki sifana na kama murɗawa iya ƙarfina.

"Ke! Mi kike yi?"

Na waiga. Rabona da jin muryarsa da ƙarfi haka tun kafin asibiti.

"Ɗaurewa nike, Malam. Ba ka ce ka gama da shi ba?"

"Za ki cinye zaren! Ina washa? Kwance shi!"

Na ce ni ban san wata washa ba, in yana da magana ya matso. Ya harare ni, sannan ya ja jiki da hannun hagu, yana nishi, har ya iso gindin babur. Na so in taimaka masa, na danne zuciyata.

Ya sa na goge zaren kowane noti da tsumma, na sa washa, wato ɗan zoben ƙarfen da noti ke zama a kai, na murɗa su duka da yatsu kawai har suka tsaya. Sannan ya ce a ɗauki sifana, amma ba a bin su a jere. In an taɓa wannan kaɗan, sai a tsallaka a taɓa na gicciyensa, a yi ta zagayawa a hankali. In aka matse ɗaya gaba ɗaya, kan injin karkacewa zai yi, ya riƙa fitar da iska ta gefe. Kalmomin suna fita da ƙyar, amma bai bar ko ɗaya ba.

"To ya zan san ya isa?" na tambaye shi.

Sai ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi ya ɗora a bayan nawa. Hannun ba shi da nauyin kirki, ga sanyi. "Ja," ya ce. Na ja a hankali. Sai na ji yatsunsa sun ɗan matsa nawa.

"Tsaya. Ya zauna."

Ban ce masa na ji motsin yatsun ba. Na sunkuyar da kai na koma noti na gaba, hawaye suna ɗiga a kan sifana, shi kuma yana yi mini faɗa wai ina karkata hannu.

Bayan la'asar ƙanensa ya zo ya taka kik don ta da babur ɗin. Sai da ya yi gumi kafin injin ya kama, hayaki ya cika gidan har kaji suka watse. Malam ya karkata kunne yana sauraro, sannan ya yi alama a kashe.

Na tattara sifanun zan mayar cikin buhu, sai ya ce, "Bar su nan kusa. In ya huce sai an sake bin notunan. Gobe da sahe ki tashe ni."