Inna Furera, Wadda Ta Koya Mini Tambayar Mutane

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2000, ana ta shirin Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata Inna Furera ta Ƙofar Marusa, bayan gajeruwar jinya. Ina tsakiyar yi wa wata kitso aka zo mini da labarin, na kasa ƙarasawa.

Inna, ban yi boko mai zurfi ba, amma ba zan iya yin shiru a kanki ba, ke da kika raba ni da shiru.

Lokacin da maigidana ya rasu ya bar ni da yara uku, kitso kaɗai na iya. Hannuna yana da kyau, kowa ya shaida, amma wadda ta zo sau ɗaya ba ta dawowa. A ƙauyenmu an tarbiyyantar da mu cewa sunkuyar da kai da ƙarancin magana su ne ladabi. Ashe a birni ana cewa Suwaiba mai kitso girman kai gare ta. Yayan mijina, Malam Tanko, ya ce in abin bai gyaru ba zai mayar da mu ƙauye, a cire yara daga makaranta.

Sai kika shigo wata safiyar Juma'a da kitsonki sabo fil, kika tsefe shi a gabana, kika miƙo mini kai. Kika gaishe ni, na ce lafiya, na yi shiru. Kika waiwayo kika ce, "Shi ke nan? Ni ba ni da gida? Ba ni da jikoki? Ɗiyar nan, mi na yi maki?"

Na yi dariya, rabona da ita tun kafin takaba.

Daga nan kusan kowace Juma'a sai kin tsefe kitson da bai tsufa ba. Kika koya mini in riƙe sunan ɗan mace, in tambaye shi da sunansa. In ta ce yana zazzaɓi, zuwanta na gaba da shi zan fara. Kika ce in bar mutum ya kai ƙarshen maganarsa, in raka baƙuwa har zaure ko da hannuna duk man shanu ne. Abin da kika fi nanatawa shi ne, zancen da na ji a kan wannan kai kada ya bi ni zuwa wancan.

Na ga amfaninsa lokacin zaɓen da sojoji suka miƙa mulki. Matar wanda ya ci kansila da matar wanda ya faɗi suka haɗu a tabarmata, ba su ko gaisa ba. Na tambayi ɗayar haƙorin jaririnta, sai ga ɗayar tana faɗa mata maganin da ta yi wa nata. Kina gefe kina gyaran zogale, kamar ba ki ji ba.

Bayan damina Malam Tanko ya zo. Ya daɗe a zaure, don mata sun cika gidan, babu damar shiga. Da na fito, ya dubi takalman da ke bakin ƙofa ya ce, "Ashe kin yi mutane." Bai sake tayar da maganar ƙauye ba. Babbar ɗiyata bana za ta shiga sakandare, Inna, kuma ba ki nan balle in aiko ta ki gan ta cikin kayan makaranta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ɗanki Malam Sammani, da ɗiyarki Ramla, da jikoki, da duk matan unguwarmu. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki. Yadda kika riƙa tarbar bayinSa da sakin fuska, Allah Ya sa mala'ikun rahama su tarbe ki haka. Amin.

Suwaiba mai kitso, Ƙofar Marusa, Katsina.